Ra'ayi: "Cika Bokiti, Akwai Gari a Ciki", Wasan Kalmomin da Ya Kamata Ya Shiga Wayoyin Matasan Gwarzo da Kabo

Ga tambaya: "Cika bokiti, akwai gari a ciki (4)."

Wanda ya karanta da gaggawa zai hango bakin injin niƙa, da bokiti cike da garin masara. Nan tarkon yake. A sake duban kalmomi biyun farko, a ɗauki haruffa biyu na ƙarshen "cika" da biyu na farkon "bokiti": ci-KA BO-kiti. Amsar ita ce KABO, garin da ke yammacin Kano, maƙwabcin Gwarzo. "A ciki" ita ce ta nuna cewa amsar tana kwance a cikin kalmomin, "gari" ita ce ma'anar amsar, lambar 4 kuwa yawan haruffanta ne.

Irin wannan wasa shi Turawan Ingila ke kira cryptic crossword, wato kacici-kacicin kalmomi da ake cike amsoshinsa a ƙananan akwatuna masu gittawa da juna. Matasa da yawa sun taɓa ganinsa a jarida ko a manhajar waya, suka gwada, suka watsar, suka ce wasan masu dogon Turanci ne. Ra'ayin da ke nan shi ne: Hausa tana da kayan wannan wasa har da rara, wayar hannu ita ce filin da ya fi dacewa da shi, kuma abin da ke tare hanya ƙarami ne, wato yadda ake rubuta Hausa a waya ba tare da ƙ da ɗ da ɓ ba.

Daga ina wasan ya fito?

Wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne ne ya buga wasan cike akwatuna na farko a jaridar New York World ta Amurka, ranar 21 ga Disamba, 1913. Nasa mai sauƙi ne: a ba da ma'ana, a nemi kalma. Da wasan ya tsallaka Ingila a shekarun 1920 sai aka ƙara masa yaji, tambaya ta zama ƙulli mai fuska biyu. Edward Powys Mathers ya yi suna da irin wannan a jaridar Observer daga 1926, jaridar The Times kuma ta fara nata a 1930. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, jaridar Daily Telegraph ta shirya gasar warware wasanta cikin minti 12, daga baya hukumomin soja suka tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen domin aikin fasa saƙonnin sirri na Jamus a Bletchley Park.

Da jaridun suka ga sababbin shiga suna gudu saboda wuya, sai suka fito da ƙarami mai saurin warwaruwa. The Times ta fara nata a 2014, The Guardian ta biyo baya a 2024, har tana faɗa wa mai wasa irin dabarun da aka yi amfani da su tun kafin ya fara. Wannan ƙaramin shi ne ya dace da allon waya da ɗan lokacin da mutum ke samu a cikin mota tsakanin Gwarzo da Kano.

Bahaushe bai jira Ingila ba kafin ya san ƙulla magana. Yaran Getso da Garo sun tashi da kacici-kacici a dandali, da zaurance da ake cusa gaɓa a tsakanin gaɓoɓi don a ɓatar da wanda ba a so ya ji, da karin magana mai harshen damo. Har doka wasan yake da ita: wanda ya kasa amsa sai ya ba da gari, mai tambaya ya karɓa ko ya raina, sannan ya fasa ƙwai. Bambancin kawai shi ne kacici-kacici wasan kunne ne, wannan kuwa wasan ido ne, da haruffa ake yinsa.

Yadda ake kwance ƙulli

Kowace tambaya tana da sassa biyu. Akwai ma'ana, wadda kusan kullum take a farko ko a ƙarshen jimla. Akwai dabara, wadda ke gina amsar da haruffa. Sau da yawa akwai kalma manuniya da ke raɗa wa mai wasa irin dabarar. Labarin da jimlar ke bayarwa a zahiri kuwa ado ne da yaudara. Ga misalai da aka ƙulla da Hausa tsantsa.

Ɓoyayyiya: "Mage tsohuwa ta haɗiye gari a ƙasar Gwarzo (5)." Manuniyar ita ce "haɗiye". A leƙa cikin ma-GE TSO-huwa, ga GETSO nan kwance.

Hautsina: "Katsina ta hargitse, inda mai raba faɗa ke shiga (7)." Kalmar "hargitse" tana cewa a watsa haruffan Katsina a sake jera su. K, A, T, S, I, N, A su ne dai haruffan TSAKANI, babu ragi babu ƙari. Ƙaramar 'yar'uwarta: "Garo ta rikice da dabbar layya (4)." Amsa RAGO.

Ma'ana biyu: "Wahala tana ƙarƙashin haɓa (4)." Babu manuniya, ma'anoni biyu ne aka jera. Wahala ita ce WUYA, abin da ke ƙarƙashin haɓa ma WUYA ne. Haka "Jarumi, gari a kan hanyar Dayi (6)" ba ta da amsar da ta wuce GWARZO.

Haɗi: "Daina kai loma, ga ƙanen mutuwa (5)." Daina shi ne BAR, kai loma shi ne CI, a haɗa su a samu BARCI, wanda kowa ya san kirarinsa. Ga ta masu wannan shafi: "Babban ɗan'uwa da babbar 'yar'uwa sun haɗu a abin kira (4)." WA da YA, ga WAYA.

Cusa: "Bijimi ya faɗa abin kwasar tuwo, amfanin gona mai goyo (6)." Bijimi SA ne, abin kwasar tuwo MARA ce. A jefa SA a tsakiyar MARA: ma-SA-ra, MASARA.

Cirewa: "Tsohon kuɗi ya rasa farkon wata a gari (4)." Ma'aikaci zai ji kamar da shi ake. Tsohon kuɗi KWABO ne, farkon kalmar "wata" harafin W ne. A cire W daga KWABO, a sake dawowa KABO.

A lura da abu ɗaya: a duk misalan nan, da zarar an ga amsa babu sauran gardama, domin hanyoyi biyu ne suka kai ga wuri ɗaya. Wannan shi ne ya raba wasan da irin tambayoyin da ke yawo a Facebook na "mai basira kaɗai zai gane", waɗanda mai tambayar kansa ba ya iya kare amsarsa. Wani gwanin ƙulli a Ingila, Derrick Macnutt, ya rubuta littafi a 1966 kan ƙa'idojin adalci a wasan, kuma gundarinsu bai wuce wannan ba: a yaudari mai wasa da hikima, amma kada a yi masa ƙarya. Kowace kalma a cikin tambaya sai ta yi aiki.

Inda Hausa ta fi ƙarfi, da inda ba ta bi

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Masu koyon harshen suna kuka da wannan, amma ga mai ƙulli taska ce. "Fari" launi ne, rashin ruwan sama ne, jam'in fara ne, kuma shi ne na ɗan fari. "Kuka" bishiya ce, zubar hawaye ne. "Dawa" hatsi ce, daji ne. "Wata" yana sama, yana kalanda, kuma yana nufin mace da ba a ambata ba. A baki kowace da muryarta, a rubuce kuwa kamar tagwaye. Saboda haka dabarar ma'ana biyu ta fi yalwa a Hausa, kuma ko ɗan firamare zai iya ƙulla ta.

Akwai kuma dabarar da ba ta karɓi Hausa ba. Turawa suna son juya kalma daga ƙarshe zuwa farko harafi-harafi. Yawancin kalmomin Hausa da baƙi suke farawa, da wasali suke ƙarewa, don haka in an juya su sai a samu abin da ba kalma ba: Kabo ta koma "obak". Wanda ya dage sai ya kwaikwayi Turanci a nan zai sha wahalar banza. Abin da ke aiki shi ne juyin gaɓa, wanda masu zaurance suka daɗe da sani. Fa-da ta koma da-fa, ta-fi ta koma fi-ta, sa-ma ta koma ma-sa, ka-ra ta koma ra-ka. Ka-bo ma tana juyewa ta ba da bo-ka, mutanen Kabo su yi haƙuri. Ga yadda take a tambaya: "Kife tasa halin ɓera ne (4)." A kife ta-sa, a samu SATA. Wannan dabara ta gida ce, kuma ita ce za ta ba wasan Hausa kamanninsa.

Matsalar tana kan allon rubutu

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A ɗauki jimlar "ka ɓoye". Yadda akasarin matasa ke rubuta ta a WhatsApp, "ka boye", sai a ga KABO a cikinta. A rubutun ƙwarai babu, domin ɓ daban b daban. Haka haruffan Kabo ba sa ba da "baƙo", haruffan Kano ba sa ba da "ƙona". A hira ta yau da kullum, mai karatu yana cike giɓin da hankalinsa, ya gane ko baki ake nufi ko baƙi, ko kafa ko ƙafa, ko daga ko ɗaga. A cikin akwatunan wasa babu wannan sassauci. Akwati ɗaya na kalmomi biyu ne, ta kwance da ta tsaye, in ɗaya tana son k ɗaya tana son ƙ, ginin ya rushe.

Ba lalaci kaɗai ya jawo zubar da haruffa masu lanƙwasa ba. Tsofaffin wayoyi masu maɓalli ba su da su. Ko a wayar da ke da su, saƙon tes na haruffa 160 yana komawa 70 da zarar an saka harafi ɗaya da ba ya cikin jerin da aka tsara tun asali, wato ƙ guda tana iya ninka kuɗin saƙo. Mutane suka saba, sabo ya zama jiki. Amma wannan uzuri ya ƙare. WhatsApp da Telegram ba sa cajin harafi. Gboard yana da allon Hausa: a shiga saituna, a zaɓi harsuna, a ƙara Hausa, haruffan za su samu. Aikin minti biyu ne.

Abin da ake asara ya wuce wasa. Tun shekarun 1930 aka daidaita waɗannan haruffa a Zariya, da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. Ɗalibin da ya shekara biyar yana rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" zai kai hannun nan ɗakin jarrabawar Hausa ta WAEC ko NECO. Sannan manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira daga rubutun da mutane ke zubawa a intanet suke koyo. Google Translate ya saka Hausa tun 2013. In abin da ake ciyar da irin waɗannan na'urori gurgun rubutu ne, gurguwar Hausa za su riƙa mayarwa. Wa'azi kan ƙa'idojin rubutu bai cika shiga kunnen matashi ba. Amma ranar da ya faɗi wasa a gaban abokai saboda ƙ guda ɗaya, a daren zai sauya allon rubutunsa.

Abin da masu suka za su ce

Na farko zai ce ɓata lokaci ne. Tambayar ita ce, da me ake kwatantawa? Wayar da ke hannun matashi ta riga ta cika da abubuwan da aka ƙera don su cinye lokacinsa: bidiyo marar ƙarshe da ke shanye data, da manhajojin caca da ke shanye aljihu. Tambaya ɗaya ta kalmomi ba ta kai nauyin hoto guda ba, tana tafiya ko da sabis ya yi rauni, ba ta neman ko sisi, kuma tana ƙarewa. Ba za a ce tana maganin mantuwa ko tana ƙara maki a lissafi ba. Abin da take koyarwa a fili yake: karanta jimla sau biyu, da zargin ma'anar da ta fara zuwa. A zamanin saƙonnin damfara na "an zaɓe ka, danna nan", wannan ɗabi'a tana da rana.

Na biyu zai ce ai ChatGPT zai warware cikin daƙiƙa. Wani lokaci zai iya. Amma irin waɗannan manhajoji gutsure-gutsure suke karanta rubutu, ba harafi-harafi ba, shi ya sa ƙirgen haruffa da hautsina su kan ba su matsala, balle a harshen da rubutunsa bai kai na Turanci yawa a intanet ba. Ko sun ba da amsa, a nemi su yi bayani. Nan ake gane wanda ya sani da wanda ya yi sa'a, mutum ne ko na'ura. Shi ya sa dokar kowane zaure ya kamata ta zama: amsa ba bayani, ba maki.

Na uku zai kawo maganar karin harshe, kuma yana da gaskiya. Barci ko bacci? Mage ko kyanwa? Basakkwace da Bakano ba za su rubuta komai iri ɗaya ba. Maganin shi ne alƙali, kuma alƙalin yana kusa. Titin da ya taso daga Kano zuwa Gwarzo ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero yake wucewa, jami'ar da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya tata ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Akwai kuma ƙamusun Bargery na 1934 da ake iya bincikawa a intanet. Zaure ya zaɓi ɗaya tun ranar farko, abin da ke ciki ya zauna, abin da babu a ajiye shi.

Ta ina za a fara?

Kada a jira manhaja. Darasin Wordle ya isa misali. Josh Wardle ya sake shi ga jama'a a Oktoban 2021 a matsayin shafin intanet kawai: kalma ɗaya a rana, haruffa 5, gwaji 6, daga baya kuma ya ƙara hanyar nuna wa abokai sakamako ba tare da tona amsa ba. A ƙarshen Janairun 2022 jaridar New York Times ta saye shi a kan kuɗin da bai gaza dala miliyan 1 ba. Ƙarfinsa yana cikin ƙanƙantarsa da kuma cewa kowa abu ɗaya yake warwarewa a rana ɗaya.

Zauren WhatsApp na 'yan aji ɗaya a Gwarzo, ko na masu shagon cajin waya a Kabo, zai iya yin haka gobe. Mutum ɗaya ya saka tambaya da safe. Masu amsa su tura masa a keɓe don kada a ɓata wa saura. Bayan sallar isha'i ya fito da amsa da cikakken bayani: ga ma'ana, ga manuniya, ga yadda haruffa suka haɗu. Wanda ya fara ci shi zai ƙulla ta gobe. Bayanin nan shi ne makarantar. Wanda ya kasa yau, da shi zai ci jibi.

Sai a yanke hukunci kan tagwayen baƙaƙe. Shin ts da sh akwati ɗaya za su ci ko biyu? A abacadar Hausa kowannensu harafi guda ne, kuma masu wasan a harshen Welsh suna saka irin nasu a akwati ɗaya. A waya kuwa, maɓalli ɗaya akwati ɗaya ya fi sauƙi, shi ya sa aka ƙirga Getso 5 a sama. Kowanne aka ɗauka daidai ne, muddin an sanar kafin a fara.

Ga masu koyon rubuta manhaja kuma, wannan aiki ne da ya fi kwafar kalkuleta daga YouTube. Shafi ɗaya na HTML da JavaScript ya isa. A ajiye komai a tsarin UTF-8. A tabbata manhajar ta san ƙ da Ƙ harafi ɗaya ne babba da ƙarami, kuma ba ta mayar da su k a ɓoye. Lambobinsu a Unicode su ne U+0199 da U+0198. A zaɓi salon rubutu irin Noto Sans ko Andika da ke nuna su daidai, a kuma saka maɓallan ƙ, ɗ, ɓ da 'y a jikin shafin saboda wanda bai gyara allonsa ba. Aiki mafi nauyi shi ne tara jerin kalmomi masu ingantaccen rubutu, kuma duk wanda ya tara shi ya saki kyauta ya yi wa masu gina manhajojin Hausa hidimar da za ta daɗe.

Iyaka ɗaya ce: barkwanci tsakanin garuruwa gishirin wasa ne, amma sunan mutum, addini da siyasar ɓangare ba kayan hautsinawa ba ne. Zauren da ya bar wannan ƙofa a buɗe ba zai kai sati ba.

Ga ta gwaji, a kai zaure yau da dare: "Juya riga, Getso ko Garo (4)." Wanda ya kasa, ya san abin da al'ada ta ce ya bayar.